Goge tagar bene da tsani: abin da mai hawa da mai ba da aiki ya kamata su sani

Da zarar damina ta ɗauke, hunturu ya fara kawo ƙura, sai aikin goge gilashi ya buɗe. Haka kuma idan Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, masu filaza da otal da gidajen bene kowa na son a wanke masa taga. A nan Mararaba, wadda ke ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa amma ta manne da Nyanya ta Abuja, yawancin masu wannan aiki yaranmu ne 'yan cirani. Na san haka abin yake a wajenku, ko a Agege da Idi-Araba ne a Legas, ko Sabo ta Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri. Yaro ya ari tsani, ya sayi omo da tsumma, shi ke nan ya zama mai sana'a, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga yadda ake kafa tsani.

Ni harkar share-share da goge-goge nake yi, ina kuma fita da yara aiki. Abin da zan jero a nan shi nake gaya wa duk wanda zai hau a ƙarƙashina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Cikin haɗurra, haɗarin mota ne kaɗai ya fi faɗuwa kisa. Kuma ba sai an faɗo daga hawa na biyar ba. Mita biyu ta isa ta fasa kai ko ta taɓa laka, in aka sauka a kan kankare ko bakin kwalbati.

Wane irin tsani?

Iri uku aka fi gani a hannun mutanenmu. Akwai na katako wanda kafinta ke haɗawa da ƙusa. Shi ne mai araha, shi ne kuma ya fi cin amana, domin nauyin mutum gaba ɗaya a kan ƙusa biyu yake, katakon kuma yana ruɓewa ta ciki in ya sha ruwan damina. In dole sai shi, a sa kafinta ya fafe gurbi a jikin dogayen katakan ya zaunar da kowane mataki a ciki kafin ya buga ƙusa. Kada a shafa masa fenti mai kauri, fenti yana ɓoye tsagewa.

Akwai na alminiyam, mai jingina ko mai zugewa ya ƙara tsawo. Ba shi da nauyi, yana da ƙarko, amma yana ɗaukar wuta. Masu kyau daga cikinsu za ka ga an manna takarda a gefe mai lamba EN 131, da nauyin da zai iya ɗauka, galibi kilo 150, wato kai da kayanka gaba ɗaya. In mai zugewa ne, kada ka zuge shi har ƙarshe. Bar aƙalla mataki uku suna haɗe tsakanin ɓangarorin biyu, ka tabbata ƙugiyoyin sun kama.

Na uku shi ne mai ƙafa huɗu da ake buɗewa. Wannan na cikin gida ne da tagogin ƙasa. A buɗe shi duka har ƙarfen tsakiya ya miƙe, kada a naɗe shi a jingina da bango, kada kuma a tsaya a kan ƙololuwarsa.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan: a ɗaure tsani biyu da igiya ko waya don a kai hawa na biyu, ko a ɗora tsani a kan duro, tebur, bulo ko bayan mota.

Duba shi kafin ka hau

Minti biyu ne. Kwantar da shi a ƙasa ka bi mataki ɗaya bayan ɗaya da hannu, ka ji ko akwai mai motsi, mai lanƙwasa ko mai tsagewa. Dubi dogayen gefen biyu. Dubi robar ƙafafun, domin ita ce ke riƙe ƙasa. In ta cinye ko ɗaya ta fita, tsanin zai zame a kan tayil kamar an zuba masa mai. Goge laka ko kumfa daga matakan da kuma tafin takalminka. Tsanin haya ko na aro ya fi buƙatar wannan dubawa, tunda ba ka san abin da ya gani jiya ba.

Kafa tsani

Mafi yawan faɗuwar da na gani ko na ji labari, daga nan take farawa.

Ka'idar ita ce ɗaya cikin huɗu. Duk mita huɗu na tsayi, ƙafar tsani ta yi nisan mita ɗaya daga bango. In kan tsanin ya taɓa bango a mita 4, ƙafarsa ta fito mita 1. In a mita 6 ne, mita ɗaya da rabi. In ka matso da shi bango sosai, zai iya kifewa da kai ta baya. In ka ja shi waje da yawa, ƙafar ce za ta zame. Ba ka da abin awo? Tsaya yatsun ƙafarka na taɓa ƙafafun tsanin, ka miƙa hannu biyu gaba sak. In tafin hannunka ya sauka a kan matakin da ke daidai kafaɗarka, ya zauna daidai.

Sai ƙasan da za a kafa shi. Wanda ya san bakin titin Abuja zuwa Keffi, daga Sharp Corner har wajen kasuwar kayan gini, ya san yadda gaban shaguna yake: lambatu a buɗe ko an rufe shi da katako, intalok da ya lotsa, gangare, ruwan wanki. Kada ka kafa tsani a kan murfin lambatu. Kada ka cusa dutse ko guntun bulo ƙarƙashin ƙafa ɗaya don ya daidaita. A ƙasa mai laushi, shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri wanda ba zai motsa ba. A kan tayil kuwa, ka tuna ruwan da kake wanke taga da shi ƙasa yake zubowa, daidai inda ƙafar tsanin take. Wurin da ke bushe lokacin da ka hau, kafin ka gama taga ɗaya ya zama santsi.

Kan tsanin ya jingina da bango mai ƙarfi. Ba a jingina shi da gilashi, ko firam ɗin alminiyam na taga, ko allon talla, ko bututun roba, ko kwanon rumfar shago. In za ka bi ta kansa ka shiga baranda, ya zarce bakin barandar da mita ɗaya don ka sami abin riƙewa.

Abin da ya fi shi ne a ɗaure shi. Ɗaure dogayen gefen biyu da igiya mai ƙarfi a jikin abin da aka gina cikin bango, kamar ƙarfen tsaron taga da aka dasa da siminti, bayan ka jijjiga shi ka ji ƙarfinsa. In babu wurin ɗauri, wani ya tsaya ya taka matakin ƙasa ya riƙe da hannu biyu, ido a sama, ba ya latsa waya. Amma ka sani, mutum ɗaya ba zai iya tare dogon tsani ba in ya riga ya fara zamewa da ƙato a kansa.

In akwai ƙofa a ƙarƙashi, a kulle ta ko a sa mai gadi. In wurin hanyar babur ne ko keke ko masu baro, a kewaye da benci ko igiya. A Mararaba ɗan acaba na iya hawowa har bakin shago don kauce wa cunkoso, taɓawa ɗaya kuma ta isa.

Wayar wuta

Wannan ita ce ba ta ba da dama ta biyu. A unguwanninmu ana gina bene a matse da falwaya, wayoyi na wucewa dab da baranda. Ka'idar wutar lantarki ta ƙasa ta ware faɗin mita 11 ga layin 11kV da na 33kV, wato mita biyar da rabi kowane gefe ba a gini, amma kowa ya san yadda ake take wannan. Babban layi ba sai ka taɓa shi ba, wutar na iya tsallakowa ta kama ƙarfe in ya matso. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila cewa ta yi kada a yi aiki da tsani cikin mita 6 daga wayar sama sai an kashe ta ko an kare ta.

Kafin ka ɗaga tsani, ɗaga kanka tukuna. In za ka canza wuri, sauke shi ku ɗauka a kwance, kada ka yi tafiya da shi a tsaye. Katako ma in ya jiƙe yana ɗaukar wuta, haka doguwar sandar goge gilashi ta ƙarfe. Kuma kada wani ya ce maka "ai an ɗauke wuta". Ana iya dawo da ita kana sama, janareton maƙwabci ma na iya turo wuta cikin layi. In tagar na kusa da waya, mai gini ya je ofishin kamfanin wuta, AEDC a nan wajenmu, ko Ikeja, Eko, IBEDC, EEDC, BEDC a wajenku, a kashe layin. In ya ƙi, a goge ta daga ciki ko a bar ta da ƙurarta.

Kana sama

Fuskanci tsani wajen hawa da sauka. Kullum gaɓa uku na jikinka su kasance a kansa: ƙafa biyu da hannu ɗaya, ko hannu biyu da ƙafa ɗaya. Kada ka taka matakai uku na ƙarshe. Cibiyarka kada ta fita daga tsakanin dogayen gefen biyu. Wannan miƙa hannun don a kai kusurwar gilashi ba tare da an sauko ba, shi ne ke tura tsani gefe. Sauko ka matsar da shi, sauri ya haifi nawa.

Kada ka hau da bokiti a hannu. Ruwa lita goma kilo goma ne, kuma yana tangaɗi. Jiƙa soso a ƙasa, ka sa kayan aikin a jaka ta kugu, ko ka rataya ƙaramin bokiti da ƙugiya, ko ka ja shi da igiya bayan ka tsaya. Mutum ɗaya a kan tsani, ba biyu ba.

Silifas ba takalmin aiki ba ne. Sa kambas mai tafin roba. Doguwar riga da jallabiya suna shiga ƙarƙashin ƙafa, a cire su a sa ƙaramar riga da wando. Waya ta yi ta ƙara, in ka sauko ka kira.

Lokacin da ba a hawa

Ba a hawa in hadari ya haɗo ko iska ta taso, ko bayan ruwa kafin ƙasa ta bushe. Ba a hawa da zazzaɓi, da jiri, ko bayan shan maganin mura mai sa barci. Mai farfaɗiya ya nemi aikin ƙasa. Mai shan tiramol wai don ƙarfin aiki, ni dai ba ya hawa tsanina. Da azumi, a yi na sama da sassafe, a bar na ƙasa zuwa bayan azahar, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Tsani na gajeren aiki ne. A Ingila, inda aka kafa dokar aiki a sama a 2005, shawarar hukuma ita ce in aikin zai wuce minti 30 a wuri ɗaya, a nemi wani abin tsayawa. Ni a wajena tsani ya tsaya a bene hawa ɗaya. Daga nan sai dandamalin ƙarfe irin na magina, ko doguwar sanda daga ƙasa, ko a zare tagogi masu zugewa a wanke su a cikin ɗaki. Fita ta taga a tsaya a kan ɗan bakin siminti ko kan ƙarfen na'urar sanyaya ɗaki, wani na riƙe da rigarka, wannan ganganci ne.

In wani ya faɗo

Kada a ɗaga shi, kada a zaunar da shi, kada a ɗura masa ruwa. In ya bugu a kai, wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, wani ya riƙe kansa daidai da jikinsa, kada ya juya. Ɗaukar irin wannan a naɗe a kan babur na iya mayar da karaya ta zama shanyewar jiki har abada. A kira 112, a Legas kuma akwai 767. In dole ku za ku kai shi, a kwantar da shi a kan ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu ko biyar su ɗaga tare. In jini na zuba, a danne da tsumma mai tsabta. In wuta ce ta kama shi, kada kowa ya taɓa shi ko tsanin sai an kashe wutar.

Wanda ya bugu a kai ya tashi yana cewa lafiya lau, a kai shi asibiti duk da haka, musamman in ya fara amai, ciwon kai ko yawan barci. A fara da hoton ƙashi kafin a yi maganar maɗori. Akwai asibitocin ƙashi na tarayya a Igbobi ta Legas, da Enugu, da Dala a Kano.

Haƙƙinka, da na mai ba da aiki

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi ga asusun NSITF, kuma ta haɗa har da ma'aikacin wucin gadi. In kamfanin share-share kake wa aiki, tambayi ko sun yi rajista. In ka ji rauni, a sanar da su cikin kwana 14, a ajiye takardun asibiti. Mai aikin kansa kuwa, ya yi magana tun kafin ya hau, gaban shaida: wa zai kawo tsani, wa zai biya mai riƙewa, wa zai ɗauki asibiti in an sami tsautsayi. Sa kuɗin mataimaki cikin cinikin tun farko.

Ku kuma iyayen gida masu shaguna da benaye, da sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi, yaron nan da ke sama akwai masu jiran saƙonsa a gida ƙarshen wata. In kun ga an kafa tsani a karkace ko kusa da waya, ku sa a sauko a gyara. Allah Ya tsare mu, Ya ba kowa halalinsa lafiya.