Yadda bankuna da masu zuba jari ke auna haɗarin ɓarnar muhalli a kamfanoni

Da yawa daga cikinmu masu aiki a Ingila da Amurka ana yankar mana kuɗin fansho duk wata, kuma ba ajiye su ake yi ba, hannun jarin kamfanoni ake saye da su. Shi ya sa na ga ya dace in yi bayanin wani ma'auni da masu juya kuɗin suke amfani da shi kafin su ba kamfani bashi ko su sa jari a cikinsa.

Tambaya biyu suke yi. Ta farko, da me kamfanin ya dogara? Mai yin lemon kwalba ya dogara da ruwan ƙasa, mai sarrafa koko kuma da ruwan sama da ƙarfin gona. A 2020 babban bankin ƙasar Holan ya gano cewa cibiyoyin kuɗi na ƙasar sun zuba yuro biliyan 510, wato kashi 36 cikin 100 na jarin da aka bincika, a kamfanonin da suka dogara ƙwarai da irin waɗannan albarkatu.

Ta biyu, me kamfanin yake ɓatawa? A ranar 25 ga Janairu 2019, madatsar dagwalon ma'adinai ta kamfanin Vale ta fashe a garin Brumadinho na ƙasar Barazil. Mutum 270 suka rasu, kogin Paraopeba ya gurɓace. Ranar da aka buɗe kasuwar hannun jari, darajar kamfanin ta faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Asusun fansho na Cocin Ingila da wasu masu jari suka rubuta wa ɗaruruwan kamfanonin haƙar ma'adinai, suka nemi kowanne ya faɗi madatsu nawa gare shi, ina suke, kuma yaya lafiyarsu. A 2020 asusun man fetur na ƙasar Nowe ya cire Vale daga kamfanonin da yake sa wa jari.

A ganina kalmar "ina" ita ce ƙashin bayan wannan awo. Hayaƙin masana'anta, daga ko'ina ya tashi, illarsa ga yanayin duniya ɗaya ce. Amma tankar ruwa da aka ɗiba a bakin babban kogi ba daidai take da wadda aka zuƙe daga rijiyar ƙauyen da ke fama da fari ba. Saboda haka tsarin TNFD, wanda ya fito a Satumba 2023 da abubuwa 14 da ake so kamfani ya bayyana, ya ce a fara da gano wuraren da kamfani da masu kawo masa kaya suke aiki. Sai dai bin tsarin ganin dama ne.

Alƙawari kuwa, masu jari sun sha ji. A 2010 ƙungiyar manyan kamfanonin kayan masarufi ta duniya ta yi alƙawarin kawo ƙarshen asarar daji a harkar kayan da take saye kafin 2020, shekarar ta zo ba a cika ba. Don haka mai ba da bashi yana neman wa'adi, da taswirar gonaki, da wani na waje da zai tantance, sau da yawa da hoton tauraron ɗan'adam.

Abin ya shafi 'yan'uwanmu na Gana. A 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigo da koko da kofi da manja da wasu kayayyaki daga gonar da aka sare daji aka yi ta bayan ƙarshen 2020. An ɗage ranar fara aiki da ita, amma tuni masu sayen koko suke ɗaukar taswirar gona bayan gona, kuma ƙaramin manomin da tasa ba ta shiga ba yana iya rasa kasuwar Turai.