Yaro da Dodo: Tarihin Tatsuniyar Ban Tsoro a Ƙasar Katsina

Tatsuniyar da ke haɗa yaro da dodo tana cikin tsofaffin al'adun hira a ƙasar Hausa. A garuruwan tsakiyar Katsina, irin su Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan bakin gulbin Karaduwa, lokacinta sananne ne: bayan sallar lisha, musamman da kaka, an kai amfanin gona gida, ga farin wata. Yara kan taru a ɗakin wata tsohuwa ko su baje tabarma a tsakar gida, wasu na ɓarar gyaɗa, ita kuwa tana kaɗi da mazarinta. Sai ta ce ga ta nan ga ta nanku, su amsa ta zo mu ji ta. In ta kai ƙarshe ta rufe da ƙurungus. Ba a yin tatsuniya da rana. Akan tsoratar da yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata, wata dabara ce ta hana su barin aike da kiwo su zauna hira.

Halittun da yaro ke karo da su a waɗannan labarai ba iri ɗaya ba ne. Dodo shi ne babba: ƙato, mai gashi buzu-buzu, mai cin mutane, mazauninsa ƙurmi ko gulbi ko wata tsohuwar kuka, yana da mata Dodanniya. Akwai tsohuwa mayya mai kama kurwa, akwai aljani mai rikiɗa ya zama saurayi kyakkyawa. Bahaushe ya bambanta tsakaninsu. Dodon tatsuniya kowa ya san ƙirƙira ce, shi ya sa ake jingina tatsuniya ga Gizo. Aljanu kuwa Alƙur'ani ya ambace su, har da sura guda mai sunansu, kuma tun kafin Musulunci ya kafu akwai iskokin bori irin su Inna da Kure. Ƙarfin tatsuniyar daga nan yake fitowa, domin yaron da ke saurare ya san Dodo ƙarya ne, amma ba zai yarda ya gitta gindin tsamiya shi kaɗai da tsakar rana ba.

Abin lura shi ne wanda ke yin nasara. Da wuya a ga ƙaƙƙarfa ya kayar da Dodo. Wanda ake rainawa ne ke kayar da shi: auta, maraya, 'yar bora. A tatsuniyar Auta, yaron da yayarsa sun sauka wani gari da Dodo ke zagayawa kowane dare yana kuri, mutane na ƙunshe a ɗaka. Auta ya gasa duwatsu a wuta har suka yi ja, duk sa'ad da Dodo ya wage baki sai ya jefa masa ɗaya, har ya faɗi matacce. Ya yanke wutsiyar Dodo, ya bar takalmansa a kan gawar. Da gari ya waye aka yi ta gwada takalman, ba su shiga ƙafar kowa ba sai tasa. Mai karatu zai tuna da labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, inda baƙo ya yi aikin cikin dare, da safe wasu suka nemi ɗaukar yabon, sai shaida ta fito daga hannun mai ita.

Tatsuniyar Ruwan Bagaja ta baka ta fi kowacce nuna manufar wannan al'ada. An kori 'yar bora ta je ta wanke ƙirgi a wani ruwa da ba wanda ya san inda yake. A hanya ta gamu da abubuwan al'ajabi, har ta isa gidan Cinya da Kare, ta gaishe su da ladabi, ta yi abin da aka sa ta ba tare da dariya ko tsegumi ba. Da aka ba ta zaɓin ƙwai ta ɗauki wanda aka umurce ta, ta komo da dukiya da dawaki. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, ta komo da kutare da makafi. Halittun ba su sauya ba, halin yarinyar ne ya sauya sakamakon. Haka kuma labarin budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙare a hannun aljanin da ya yi aron jiki, sai ƙaramin ɗan uwanta da take rainawa ya cece ta. Tsofaffi sun mai da tsoro makarantar tarbiyya, kuma sun iya aikin.

Shigar waɗannan labarai cikin rubutun boko ta fara ne da bakin wani matashi. Dorugu, yaro daga yankin Damagaram da aka 'yanta daga bauta, yana cikin ayarin Bajamushe Heinrich Barth da ya tashi daga Katsina zuwa Sakkwato a 1853, ya bi ta Kuraye da Kurfi. Daga baya ya bi Barth zuwa Ingila, inda J. F. Schön ya rubuta tarihin rayuwarsa da tatsuniyoyi daga bakinsa, aka buga su cikin littafin Magana Hausa a 1885. Bayan Turawa sun ci ƙasar Hausa, Frank Edgar ya sa malamai sun rubuto masa labarai da ajami, ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin ne kuma wasu Turawa, Tremearne da Rattray, suka buga nasu. Waɗannan littattafai sun adana abu mai yawa, sai dai yawancin masu rubutawar maza ne, alhali masu tatsuniyar na ainihi mata ne. Murya da waƙa da kwaikwayon gurnanin Dodo duk sun zube a hanya.

Ƙagaggen labari na zamani kuwa Katsina na da babban rabo a haihuwarsa. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Biyu daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar 'yan gida ɗaya suka rubuta su, kuma dukansu suna koyarwa a Katsina a lokacin. Abubakar Imam ya ari sunan Ruwan Bagaja ya ɗora wa labarin Alhaji Imam, wanda ya bar gida neman ruwan magani, ya yi ta gwabzawa da Malam Zurƙe, har tafiya ta kai shi ƙasar aljanu. Wansa, Muhammadu Bello Kagara, ya rubuta Ganɗoki, jarumin da ya tashi daga yaƙin Turawa ya faɗa duniyar aljanu. A nan an ga sauyi: jarumin ya girma, ya zama namiji matafiyi, kuma tasirin hikayoyin Larabawa irin na Dare Dubu da Ɗaya ya shigo da zobban sihiri da sarakunan aljanu. Magana Jari Ce, da ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, ya dawo da yara tsakiyar fage, tun da don a tsare Musa ɗan sarki a gida aku ke ta zuba labari.

A 1951 Ahmadu Ingawa ya fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda tushensa tsohon labarin wani jarumin Rasha ne: yaro gurgu da ya warke ya zama barde. A 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya haɗu da wata halitta daga sararin samaniya ta ɗauke shi yawo cikin taurari. Wannan shi ne mafi kusa da abin da a yau ake kira labarin al'ajabi na matasa, kuma ya riga Harry Potter na Ingila fitowa da shekara 28. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida don makarantun firamare, ta haka Gizo da Dodo suka shiga aji.

Daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya buɗe wata ƙofa. Ko da yake soyayya ta fi rinjaye, an sami reshe mai ƙarfi na littattafan yaƙi da matsafa da aljanu, wanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya yi suna a kansa. Samari ne manyan masu karanta su, suna hayarsu a shagunan littattafai, suna sauraron su a rediyo, yanzu kuma a YouTube da WhatsApp. Irin waɗannan labarai sun fi dogara da takobi da tsafi da yawan jini, sun rage wa ladabi da wayo matsayin da tatsuniya ta ba su, kuma fagensu sau da yawa wata ƙasa ce mai kama da ta Larabawa, ba ƙauyen da mai karatu ya sani ba.

Hirar dare kanta ta ja baya a yankin Dutsin-Ma da Kurfi. Talabijin da wayar hannu sun raba yara da ɗakin kaka, rashin tsaron da ya addabi yankin a shekarun nan kuma ya hana zaman dandali bayan lisha a ƙauyuka da dama, ya tarwatsa wasu gidajen zuwa gari. Tsofaffin da suka san tatsuniyoyin da waƙoƙinsu suna nan da sauransu, kuma garin Dutsin-Ma na da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da kuma Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2011. Ɗaukar muryoyin waɗannan mata, aikin da masu tattara tatsuniya na farko ba su da na'urar yin sa, yanzu wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta ishe shi.