Ganuwar Da Ta Koma Hanya: Tarihin Yawon Ƙafa A Tuddan Wales

Yau za mu leƙa Wales, ƙasar tuddai da tumaki da ke yamma da Ingila a tsibirin Birtaniya.

A can akwai wani irin hutu da mutane ke biyan kuɗi su yi, wato tafiyar ƙafa ba ɗan jagora. Kamfani zai ba mutum taswira, ya kama masa masauki a ƙauyukan kan hanya, kullum da safe mota ta wuce da jakarsa zuwa zango na gaba, shi kuwa ya biyo baya da sandarsa. Cikin hanyoyin da suka yi fice akwai ta Ganuwar Offa, mai tsawon mil 177, daga kusa da Chepstow a kudu zuwa Prestatyn a bakin teku a arewa. Yawanci mako biyu ake yi ana takawa. Abin da muke son dubawa shi ne yadda aka yi baƙo ya sami ikon ratsa gonar mutum, ya buɗe ƙyaure ya wuce, ba mai ce masa kanzil.

Mu fara da ganuwar. Offa sarkin Mercia ne, wata daular Ingilishi, ya yi mulki daga 757 zuwa 796. Shi ake danganta wa wannan doguwar ganuwa ta ƙasa, wadda aka haƙa wa gwalalo ta yamma, wajen da mutanen Wales suke. Kusan shekara ɗari bayan mutuwarsa, wani malamin coci ɗan Wales mai suna Asser ya rubuta cewa ganuwar ta tashi daga teku zuwa teku. Abin da ya rage a tsaye yau bai wuce kimanin mil 80 ba, kuma har yanzu masana na musu: katangar yaƙi ce, ko iyaka ce ta nuna isa? Ko ma wace ce, an gina ta ne don ta raba mutane.

Amma ciniki bai san ganuwa ba. Shekaru aru-aru fataken shanu suna tsallake ta, suna kora baƙaƙen shanun Wales zuwa kasuwannin Ingila, har kasuwar Smithfield ta Landan. Kafin a tashi sai maƙeri ya yi wa shanun takalman ƙarfe, biyu-biyu a kowace ƙafa saboda kofaton sa a rabe yake. Shanun tsibirin Anglesey kuwa iyo suke yi su haye mashigin Menai, har aka gina gada a 1826. Fataken sun fi son bin ƙoƙuwar tuddai, don su kauce wa shingayen karɓar kuɗi da ke manyan tituna, ga kuma ciyawa. Shi ya sa da yawa daga cikin burtalan da masu hutu ke bi yau suke can sama.

Sana'ar duk amana ce. Manomi zai miƙa shanunsa ba ko kwabo a hannu, ya jira a dawo masa da kuɗi bayan makonni, ga 'yan fashi a hanya. Wannan fargaba ce ta haifar da bankin da David Jones ya kafa a Llandovery a 1799, wanda takardun kuɗinsa ke ɗauke da hoton baƙin sa. Bankin Lloyds ya haɗiye shi a 1909. Kafin lokacin jirgin ƙasa ya riga ya kashe fataucin ƙafa, burtalai sun zama kufai.

Daga nan sai rigima ta koma kan wa ke da ikon bi. Masu filaye sun killace tuddai, ma'aikatan birane kuma na son shan iska ranar hutu. A Afrilun 1932 ɗaruruwan matafiya suka kutsa tudun Kinder Scout a Ingila da gangan, aka ɗaure biyar. Ɗaurin ya ja musu tausayin jama'a. A 1949 majalisa ta yi dokar da ta shafi Ingila da Wales, ta tilasta wa hukumomin yankuna su zana kowace hanyar jama'a a taswira, ta kuma ba da damar buɗe dogayen hanyoyin ƙafa.

Doka a takarda ba ta share hanya. An amince da hanyar ganuwar tun 1955, amma aikin ya yi ta jan ƙafa, har wani malamin makaranta a garin Knighton, Frank Noble, ya kafa ƙungiya a 1969 don matsa wa hukuma. A Yulin 1971 aka buɗe ta a Knighton, garin da sunansa a harshen Wales ke nufin garin kan ganuwa. Yau matafiyi yakan tsallake iyakar Ingila da Wales fiye da sau 20 kafin ya kai ƙarshe.

Ba a san darajar hanyar sosai ba sai a 2001, da annobar ciwon baki da kofato ta ɓarke. Aka kashe dabbobi fiye da miliyan 6 a Birtaniya, aka rufe hanyoyin ƙafa wata da watanni. Masaukai da shagunan ƙauye suka wayi gari ba kowa. Nan aka gane cewa baƙon nan mai sanda yana ciyar da ƙauye kamar yadda bafatake ya ciyar da shi a da.

Hanyar da ba a bi, ciyawa ke gadonta. Ta Wales ta rayu ne don wasu sun taka, wasu sun sha ɗauri, wasu sun nace sai an sa ta a taswira.