Haƙƙin Tsohon Soja Mai Rauni a Hannu: Yadda Ake Neman Sake Duba Hukuncin Nakasa

Minna gari ne na sojoji tun da daɗewa. A nan hedikwatar Birged ta 31 ta manyan bindigogi take, a nan kuma Rundunar Horarwa da Tsara Dabarun Yaƙi ta sojan ƙasa take. A shekarun baya-bayan nan dakaru sun yi ta fafatawa da 'yan bindiga a dazuzzukan Shiroro da Munya da Rafi da Mariga, sau da yawa a kan babura. Faɗuwa daga babur, da ɗagawar harsasai masu nauyi, da ɓarɓashin abin fashewa, duk a hannu suke fara sauka. Da yawa daga cikin waɗanda suka ajiye kaki da irin wannan rauni suna ganin an raina girman nakasarsu, kuma doka ba ta rufe musu ƙofar neman a sake dubawa ba.

Tushen haƙƙin shi ne Dokar Fanshon Sojoji, babi na A23 na kundin dokokin tarayya na 2004, wadda ta tanadi biyan wanda ya nakasa a bakin aiki. Gyaran doka na 2011 ya fitar da sojoji daga tsarin fansho na karo-karo, don haka gwamnatin tarayya ce ke biyansu kai tsaye ta Hukumar Fanshon Sojoji da ke Dutsen Alhaji, Abuja. Sai dai hukumar tana lissafi ne bisa takardun da rundunar mutum ta aika mata. Kwamitin likitocin soja ne ke auna nakasar, kuma a kan rahotonsa ne mafi yawan ƙorafi ke tasowa.

Abu biyu mai ƙorafi zai tabbatar: cewa aiki ne ya jawo raunin ko ya tsananta shi, da kuma yawan amfanin hannun da ya rasa.

Na farkon shi ne ya fi kayar da mutane, kuma dalilin yana cikin ƙirar hannun kansa. Wuyan hannu yana da ƙananan ƙasusuwa 8. Ɗaya daga cikinsu, wanda ke gindin babban yatsa, shi ne ya fi saurin karyewa idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi, kuma sau da yawa karayar ba ta fitowa a hoton farko. Sai a ce targaɗe ne, a ɗaure, soja ya koma daji. Da yake jini ba ya isa wannan ƙashi sosai, yakan ƙi haɗewa, bayan shekaru gaɓar ta sandare. A lokacin da ciwon ya bayyana sosai mutum ya riga ya yi ritaya, fayil ɗinsa kuma ba ya ɗauke da komai sai targaɗe. Wanda ya tafi wajen mai ɗori a gida ya fi shiga matsala: ko da ɗorin ya yi kyau, mai ɗori ba ya ba da takarda. Saboda haka katin asibitin bariki, da rahoton binciken haɗarin idan an yi, da takardar sallama, da shaidar kwamanda ko abokan aikin da suka ga abin, sun fi dogon bayani amfani.

Na biyun kuwa awo ne, ba kuka ba. Hannu na iya kasancewa da yatsunsa biyar cif amma ba ya iya riƙe fartanya ko sitiyari ko alƙalami. Likitan ƙashi yakan auna iyakar lanƙwasuwar gaɓa da ƙarfin damƙa, ya kwatanta da ɗaya hannun. Idan yatsu na sagewa ko suna tsikari da dare, akwai gwajin da ke nuna saurin saƙo a jijiya, wanda ke tabbatar da matsewarta a wuyan hannu. A ma'aunin da likitoci ke amfani da shi a ƙasashe da dama, babban yatsa kaɗai yana ɗaukar kashi 40 cikin 100 na aikin hannu. Tsohon soja a Minna yana iya neman irin wannan rahoto ta asibitin soja na 44 da ke Kaduna, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ya kamata rahoton ya faɗi da wane hannu mutum yake aiki, domin bahago da ya rasa hagu ba ƙaramin rashi ya yi ba. A Amurka an rubuta wannan bambanci ƙarara: mutuwar jijiyar tsakiyar hannu gaba ɗaya tana ba da kashi 70 a hannun aiki, kashi 60 a ɗayan.

Hanyar ƙorafi tana farawa daga cikin gida. Ga wanda bai kai ga sallama ba, sashe na 178 da na 179 na Dokar Sojoji sun ba hafsa da ƙaramin soja damar kai kuka ta hannun kwamanda zuwa sama, kuma wannan ne lokaci mafi dacewa na neman a sake zaman kwamitin likitoci. Wanda ya riga ya fita yakan rubuta wa hedikwatar rundunarsa, ya aika kwafi ga hukumar fansho, ya riƙe shaidar karɓa. Reshen Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya na Jihar Neja na iya taimakawa wajen rubutu da bin sawu, ko da yake ba shi ke yanke hukunci ba. Idan hakan ya ci tura, sashe na 254C na Tsarin Mulki ya ɗora shari'ar fansho a kan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma alƙali yakan fara tambaya ko an bi matakan cikin gida. Jinkiri yana cutarwa, domin shaidu suna watsewa, kuma lauyan gwamnati na iya kafa hujja da ƙurewar lokaci.

Akwai wani ƙaramin abu da ake mantawa. Tantancewa a banki takan dogara da zanen yatsa, wanda ya rasa yatsu ko suka ƙandare kuwa na'ura na iya ƙin karanta shi. Yana da kyau ya riƙe wasiƙar likita da ke bayyana haka duk lokacin da zai je tantancewa.