Biyan kuɗin taimakon ƙwararru ga mai fara ƙera wasannin bidiyo

Taimakon fasaha na biya yarjejeniya ce tsakanin mai ƙera wasan bidiyo da wani kamfani ko ƙwararre: shi ya ba da kuɗi, su kuma su duba matsalar da ta tsayar masa da aiki. A manyan kamfanonin wasa abu ne na yau da kullum. Amma ga matashin da ke haɗa wasansa na farko a Maraɗi ko Damagaram, da kwamfuta ɗaya da intanet na salula, sau da yawa kuɗin kan tafi inda ba nan ciwon yake ba.

Yawancin wasanni ana gina su ne a kan manhajar da ake kira injin wasa. Unity kyauta ne ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala 200,000 a shekara ba (dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwa mai sefa 5 ba). Abonman Unity Pro kuwa dala 2,200 ne a shekara ga mutum ɗaya a 2025, wato sama da miliyan ɗaya na sefa, kuma sa hannun injiniyoyin kamfanin cikin aikin mutum kwangila ce daban. Unreal Engine na kamfanin Epic Games ba ya karɓar komai sai wasa ya kawo dala miliyan ɗaya, daga nan ya ɗauki kashi 5 cikin 100. Taimakonsa na kai tsaye na kamfanoni ne masu yarjejeniya da shi. Godot, wanda aka saki ga kowa a 2014, kyauta ne gaba ɗaya, sai dai kamfanin W4 Games, da wasu jagororinsa suka kafa, yana sayar da taimako ga masu buƙata.

Abin da waɗannan kwangiloli ke sayarwa shi ne gyaran tangarɗar da ke cikin injin kansa, da rage nauyin babban wasa, da kai shi kan na'urori irin su PlayStation. Ba makaranta ba ce. Matsalar sabon hannu kuwa galibi ta koyo ce: ɗan wasa yana nutsewa cikin ƙasa don an manta a gaya wa injin cewa ƙasar mai tauri ce, ko maɓalli ya ƙi aiki saboda harafi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba a cikin kod. Irin wannan amsarsa na nan cikin littafin bayanin kowane inji, kyauta. Wanda ya biya aka gyara masa, gobe zai sake cin karo da ita, ya sake biya. Ga wanda Ingilishi ke ba wuya, akwai GDevelop, da Bafaranshe Florian Rival ya ƙirƙira, wanda ke aiki da Faransanci kuma ba ya buƙatar rubuta kod.

Biya yana da ma'ana idan matsalar guda ce, takamaimiya, kuma an yi kwanaki ana fama da ita: wasan yana mutuwa a ƙananan wayoyin Android, ko sayayya a cikin wasa ta ƙi tafiya, ko ƴan wasa biyu sun kasa haɗuwa ta intanet. A nan ƙwararre mai zaman kansa ya fi kwangilar shekara araha nesa ba kusa ba. Kafin a neme shi, a shirya ɗan ƙaramin misali da ke nuna tangarɗar, da lambar zubin injin, da samfurin wayar, da saƙon kuskuren kamar yadda ya fito. Sau da yawa ma wajen wannan shiri ne mai wasan ke gano laifin da kansa.

A yi ciniki a kan aikin, ba a kan awa ba, a rubuce, tare da bayyana cewa kod ɗin da aka gyara na mai wasan ne. A ba da kafin alƙalami, saura sai an gwada. A ajiye kwafin aikin kafin a miƙa shi. Kalmar sirrin asusun Google Play da makullin sa hannun manhaja kuwa ba a ba kowa su, domin wanda ya riƙe su ya riƙe wasan.

Akwai kuɗin da ba makawa sai an biya, su ya kamata a fara tanada. Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 kowace shekara, Steam dala 100 ga kowane wasa, yana mayarwa idan wasan ya kawo dala 1,000. Google kuma na buƙatar sabon asusun mutum ɗaya ya sa mutane 12 su gwada wasan kwana 14 a jere kafin ya fito. Akwai masu sayar da wannan gwaji, alhali abokan fada da ƴan uwa masu wayar Android sun isa.