Daga Elemantare Zuwa UPE: Abin Da Tarihin Makarantar Ƙauye Ya Koya Mini

A hutun da ya wuce na ziyarci firamaren ƙauyenmu, inda mahaifina ya yi karatu, ni ma nan na yi. Na tarar iska ta yaye kwanon azuzuwa biyu, yara na zaune a ƙasa, malami guda yana kai da kawowa tsakanin aji uku da aji huɗu. Tun daga ran nan nake tambayar kaina, shin yaya aka yi muka zo nan? Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, don haka bari mu ɗan waiwaya.

Ilmin boko ya shigo ƙasar Hausa ne ta birni. A shekarar 1909 Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, aka fara da 'ya'yan sarakuna da malamai. A 1922 aka yi bikin buɗe Kwalejin Katsina don horon malamai. Bayan haka En'e ta riƙa kafa elemantare, amma galibi a garin hakimi. Yaron ƙauye sai dai in dagaci ya kamo shi, iyayensa na kuka. Turawa ba su nufi ilmantar da talaka duka ba, bukatarsu ita ce malaman ofis da na haraji. Saboda haka tun daga tushe aka bar ƙauye a baya.

Yunƙurin farko da ya taɓa mutumin karkara sosai shi ne Yaƙi da Jahilci, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarun 1950. An koya wa magidanta karatu da rubutu da Hausa, a zaure ko a gindin bishiya, hukumar NORLA ta Zariya kuma tana buga musu ƙananan littattafai masu araha. Kakana a nan ya koyi rubuta wasiƙa. Abin lura shi ne, ba a kashe kuɗin gini ba, amma an ci riba, domin an yi wa mutane magana da harshensu, a lokacin da suka taso daga gona.

Babban al'amari ya zo a watan Satumba na 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, wanda Janar Gowon ya yi alkawarinsa tun 1974. Kuɗin man fetur ya samu, aka shiga gine-gine har a ƙauyukan da ba su taɓa ganin alli ba. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Mahaifina yana cikinsu. Ya ba ni labari cewa ran da aka rubuta su, sai a sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa, in ya taɓo, to, ya isa shiga makaranta.

To, amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Azuzuwa sun yawaita, malamai ba su wadata ba. Sai aka riƙa horon malamai cikin gaggawa, aka kuma ɗauki waɗanda ba su wuce firamare ba aka ba su aji. A wannan shekara ta 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta ɗinke wannan ɓaraka, amma aikin ya fi ƙarfin hukuma guda. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashi ya riƙa makara wata da watanni, waɗansu jihohi suka komo da karɓar kuɗin makaranta. Ƙwararren malami ya nemi canji zuwa birni, manomi kuwa da ya ga ɗansa ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, sai ya mai da ƙanensa gona. Wa zai ga laifinsa?

An sāke gwadawa. A 1989 aka kafa hukumar ilmin makiyaya don 'ya'yan Fulani da masunta. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Jihohi da dama sun bar kuɗin suna kwance don sun kasa cika sharaɗin.

A ganina darasi uku ne cikin wannan tarihi. Na farko, malami shi ne makaranta, gini na biye. A horar da 'yan asalin ƙauyen, maza da mata, a biya su a kan kari, a ba su wurin kwana. Inda akwai malama, iyaye sun fi sakin 'ya'yansu mata. Na biyu, yaro ya fara karatu da harshen da yake ji, kamar yadda manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanada, ko da yake ba a wadata malamai da littattafan yin haka ba. Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, makaranta ta zama ta mutanen gari. Ku dubi makarantar allo. Ɗaruruwan shekaru tana raye ba da kasafin gwamnati ba, domin jama'a sun ɗauke ta tasu, suna ba da kuɗin Laraba, suna gyara zaure. Ita kuwa firamare, har yau a garinmu "makarantar gwamnati" ake ce mata, in katanga ta faɗi sai a jira wani ya zo daga sakatariya.

Ba ina cewa gwamnati ta sauke nauyinta ba ne, haƙƙin ɗan talaka ne a kanta, kuma wajibi ne mu riƙa tuna mata. Amma ya 'yan'uwana ɗalibai, da yawanmu daga irin waɗannan azuzuwa muka fito. Me zai hana kowannenmu ya ba da mako biyu na hutunsa ya koyar a firamaren garinsu, ya kuma zauna da mai gari da liman a kan gyaran rufi kafin damina? Ni dai na yi wa hedimastanmu alkawarin aji huɗu a hutu mai zuwa. Allah Ya ba mu ikon cikawa, amin.