Tarihin Watan Gadon Latino a Jami'o'in Amurka

Watan Gadon Latino shi ne kwanakin da ke tsakanin 15 ga Satumba da 15 ga Oktoba, waɗanda Amurka ta keɓe domin girmama al'ummar da asalinta ya fito daga Sifen da Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, al'ummar da adadinta ya haura miliyan 62 a ƙidayar 2020. Da fari mako guda ne, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya rattaba wa dokarsa hannu a 1968, sai a 1988, zamanin Ronald Reagan, aka mai da shi wata. Hikimar farawa daga tsakiyar wata kuwa ita ce, ranar 15 ga Satumba 1821 ce Kosta Rika da El Salbado da Guwatemala da Honduras da Nikaraguwa suka yi shelar 'yancinsu daga Sifen, kashegari kuma Meziko ke tunawa da kiran da malamin coci Miguel Hidalgo ya yi a garin Dolores a 1810.

Amma duk wanda ya shiga harabar jami'a a wannan lokaci, ya ji kiɗan mariachi yana tashi, aka miƙa masa tamale, wato ƙullun masara da ake turarawa cikin ɓawonta kamar alale, to, haƙiƙa ya sani ba hukuma kaɗai ce ta shimfiɗa wannan tabarma ba, ɗalibai ne suka saƙa ta da guminsu. A watan Maris na 1968, dubban 'yan sakandare na Gabashin Los Anjelas suka fice daga azuzuwa, saboda ana hukunta su in sun yi Sifaniyanci. A shekarar ce Kwalejin Jihar Kalifoniya da ke birnin ta buɗe sashen farko na nazarin Chicano, sunan da 'yan asalin Meziko suka zaɓa wa kansu da alfahari. A 1969 kuma taron malamai da almajirai a Santa Barbara ya haifi ƙungiyar ɗalibai ta MEChA, wadda rassanta suka daɗe suna shirya irin waɗannan bukukuwa.

Ko a 1993, sai da wasu ɗalibai da wani farfesa suka ƙaurace wa abinci kwana 14 a jami'ar UCLA kafin a kafa cibiyar nazarin Chicano da sunan César Chávez, jagoran ma'aikatan gona, wadda ba ta zama cikakken sashe ba sai a 2005.